Na ga ƙwaya a aljihun babban yarona, ƙanena ya ce a kai shi gidan mari

Baban Walida:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai tura ta kai bango. Babban yarona shekararsa 15, yana aji huɗu a sakandare. Ranar Asabar uwarsa tana wanki ta lalubi aljihun wandonsa na makaranta, sai ta ciro fallen ƙwaya, saura biyu a jiki, an rubuta 225 a baya. Ta aika wa mai kemis na layinmu, ya ce tiramol ce.

Ni kayan gwari nake sayarwa a kasuwar Farin Gada, nan Jos. Ina fita kafin gari ya waye, ba na dawowa sai bayan isha'i. Da na shigo ta miƙo min, wallahi ban san lokacin da na zare bel na hau shi ba. Bai yi kuka ba, bai ba ni haƙuri ba, ya dai tsaya yana kallona da ido jajur. Da asuba muka tarar da shimfiɗarsa ba kowa. Kwana biyu ba mu gan shi ba, sai jiya wani maƙwabci ya tsinto shi a wani kango ya taho da shi.

Yaron nan ya kai izu 20. Shekara biyu da suka wuce shi ke riƙe min darduma zuwa Masallacin Juma'a. Tun da muryarsa ta buɗe ya zama wani mutum daban, ba magana, ba fara'a, ya ci abinci ya fice. Ƙanena ya ce akwai wani malami a wani gari da ke sa wa irinsu mari har su dawo hayyacinsu, mu kai shi tun kafin ya faɗa hannun 'yan sara-suka. Uwarsa kuma tun jiya take kuka. Don Allah masu irin wannan a gida, me kuka yi?

Alhaji Mai Yadi:
Wa'alaikumus salam. Allah ya shirya mana zuri'a. Ni ban ga laifinka ba a dukan da ka yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu da muka tashi a Gangare, in dattijo ya gan ka a bakin sinima shi zai fara zane ka, ka isa gida babanka ya ƙara. Ba mu mutu ba, ga mu mun zama mutane. Yanzu ka tsawatar wa ɗan wani, uwarsa ta fito da zani a hannu. Shawarar ƙanenka abin dubawa ce. Gara ya sha wuya wata shida da a kira ka wata rana a ce ka zo ka ɗauki gawa, ko ka je ofishin 'yan sanda an kama shi da gariyo.

Anti Nas:
Baban Walida, sannu. Allah ya yaye. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata 17 a aiki, kuma ina roƙonka da girman Allah kada ka kai yaron nan gidan mari. Ku tuna abin da aka gano a Rigasa, Kaduna, a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gida suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, da kuɗinsu, da kyakkyawar niyya.

Ita wannan ƙwayar, wadda hukuma ta yarda a sayar ita ce mai 50 da mai 100, ita ma sai likita ya rubuta. Mai 225 ta fasa-ƙwauri ce. Tana sa yaro jijjiga kamar mai farfaɗiya in ya sha da yawa, na ga wanda aka kawo ya ciji harshensa jini na zuba. In kuma jiki ya saba da ita aka tsayar lokaci guda, za ka ga zufa, ciwon gaɓoɓi, gudawa, rashin barci, saurin fushi. Ciwo ne, sarƙa ba ta maganinsa. Abu na farko da ya kamata a sani shi ne tun yaushe ya fara, kuma guda nawa yake sha a rana. Wanda ya ɗanɗana sau biyar ba ɗaya yake da wanda ya shekara ba. Asibitin koyarwa da ke Lamingo yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, kuma zuwa wurinsu ba ya nufin ɗanka ya haukace.

Alhaji Mai Yadi:
Anti, kin yi maganar asibiti, mun ji. Amma tarbiyya ba a sirinji ake ɗura ta ba. Yaro mai shekara 15 ya san fari ya san baƙi.

Anti Nas:
Alhaji, ya san fari da baƙi, amma linzamin bai gama ƙwari ba. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke sa mutum ya tsaya ya auna ƙarshen abu kafin ya aikata, ba ya kammala nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Shi kuwa sashen da ke son daɗi da burge abokai tuni ya farka tun farkon balaga. Shi ya sa za ka zauna da yaro shi kaɗai ya yi maka magana kamar dattijo, anjima ya shiga cikin tsararrakinsa ya aikata abin da kai ma ba za ka yarda shi ne ba. Ban ce a ƙyale shi ba. Cewa na yi a san da wa ake.

Ɗan Dilimi:
Iyayena ku yi haƙuri zan sa baki, ni ne ƙarami a nan ina jin. Shekarata 22, ina gyaran waya. Na sha wannan abin shekara uku, Allah ya raba ni da shi, don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba.

Ba wanda ya tare ni ya ce zo ka zama ɗan ƙwaya. Lokacin hutu ne muna aikin lebura a wani gini, muna ɗiban bulo zuwa bene, ga sanyin Disamba hannu duk ya tsage. Wani da ya girme mu ya ɓalle rabi ya jefa min a shayi ya ce ba zan ji gajiya ba. Kuma gaskiya ban ji ba. Ranar na yi aikin mutum biyu, da dare na je majalisa na yi ta surutu, ni da ko gaisuwa ke min wuya. Abin da ya riƙe ni ke nan, ba ƙarfin ba, bakin da ta buɗe min. A gida ni ba kowa ba ne. Na yi girma da ɗakin Mama, ban isa zama inda Baba yake ba. In na shigo sai a ce je ka sayo kaza, in na dawo shi ke nan. A jangul kuwa, wato maɓoyar da muke taruwa mu sha, in ban zo ba kwana ɗaya sai an aiko a ji ko lafiya.

Baba ya dake ni ya fi a ƙirga. Abin da duka ya koya min shi ne na ƙware a ɓoyo. Na daina sawa a aljihu, na koma cusawa cikin soson takalmi.

Baban Walida, kallon da ka ce ya yi maka, na san shi. Ba raini ba ne. Kunya ce ta haɗu da haushi, ga shi bai san yadda zai fara ba.

Alhaji Mai Yadi:
To yaro, yanzu laifin babanka ne da ka sha ƙwaya? Shi da ya ciyar da kai ya biya maka makaranta?

Ɗan Dilimi:
A'a Baba Alhaji, ni na kai bakina, laifina ne, kuma na nemi gafararsa. Tambaya aka yi me ke kai yaro can, shi ne na faɗi abin da ya kai ni.

Maman Ikram:
Ni wani abu na lura da shi tun a rubutun farko. Yaya, ka ce wannan ne babban yaronka, amma sunanka a nan Baban Walida. Ka rubuta sakin layi uku ba ka ambaci sunansa ba, sai "yaron nan". Ɗan fari ne ko?

Baban Walida:
Shi ne na fari, kuma sunan mahaifina gare shi. Ni da uwarsa ba ma kiran sunan.

Maman Ikram:
To ka gani. Ba ina zargin ka ba ne, haka muka tashi mu ma. Alkunya abu ne mai kyau. Amma mu duba yadda take a da. Uba ba ya sakin fuska da ɗan fari, gaskiya ne, amma gidan akwai kaka da zai yi wasa da shi, akwai baffa, akwai kawu, akwai goggo. Sau da yawa ma ɗan fari ba a hannun iyayensa yake girma ba, ana yaye shi kaka ta ɗauke. Ranar da yaro ya fara mafarki akwai wanda zai lura ya ja shi gefe. Ya kai munzali a ba shi shago a bakin zaure, inda duk mai shiga da fita yana ganin wa ke zuwa wurinsa.

Yanzu fa? Ɗaki biyu a gidan haya a Unguwar Rogo ko Rikkos, kaka na Kano ko Bauchi ko ta rasu, kawu na Abuja yana neman na kansa. Mun riƙe kunyar, amma mutanen da kunyar ta dogara da su babu su. Uba ba ya magana, uwa ba ta magana, to wa zai yi? Sai wanda ya ɓalla masa rabin ƙwaya a shayi.

Malam na Islamiyya:
Hajiya ta taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Shekarata 20 ina koyarwa a Islamiyya. Ajin 'yan shekara bakwai zuwa goma ba wurin zama, har a baranda. Ka leƙa ajin 'yan 14 zuwa sama, 'yan mata ne cike, samarin ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Daidai lokacin da suka fi buƙatarmu suke zamewa, kuma mu malamai muna da namu kason. Yaro gemu ya fara tsiro masa, kana sa shi durƙuso a gaban ƙannensa saboda ya makara. Gobe ba zai dawo ba.

Kuma addini bai san wannan kunyar da ke hana koyar da wajibi ba. Hadisin da ya ce a umarci yara da salla suna da shekara bakwai, shi ne ya ce a raba musu wurin kwanciya suna da goma. Malamanmu na Malikiyya sun lissafa alamomin balaga filla-filla, mafarki, haila, tsirowar gashin gaba, in ba a ga ko ɗaya ba sai a jira shekara 18. Amma na sha tambayar yaro ɗan 16 yadda ake wankan janaba ya sunkuyar da kai, ba wanda ya taɓa gaya masa. Yana tafe yana ganin kansa ƙazami mai zunubi, har ya fara gudun masallaci. Usama ɗan Zaid bai kai shekara 20 ba Manzon Allah (SAW) ya ɗora shi a kan runduna da manyan sahabbai a ciki. Mu namu ko kuɗin cefane ba ma yarda mu damƙa musu.

Alhaji, duka yana da wurinsa da iyakarsa. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Injiniya Bukuru:
Ni ina ganin kuna ɗora wa gida kaya fiye da ƙarfinsa. Ku dubi garin da yaran nan suka buɗe ido a ciki. Rikicin Satumba 2001, na Nuwamba 2008, na Janairu 2010. Waɗanda aka goya a baya ana gudu a 2008 da 2010 su ne samarin yau. Sun tashi sun tarar an raba gari, akwai unguwar da ba a shiga, sun ga ana yabon wanda ya iya riƙe makami da sunan tsaron unguwa. A ganina daga nan sara-suka ta samu gindin zama: da ƙura ta lafa, makaman da zafin zuciyar ba su tafi ko'ina ba, sai suka juya kan juna, wannan layi da wancan.

Sannan ina aikin? Babbar kasuwar Taminus ta ƙone tun Fabrairun 2002, har yau ba ta dawo yadda take ba. Nan ne yaro ke zama a shagon ubangida ya koyi ciniki har a sallame shi. An hana acaɓa a cikin Jos a 2012. Ban ce hanin ba shi da dalili ba, amma samari da yawa da shi suke ci. Abin da ya rage shi ne keke, gwangwan, lebura, sai ramin kuza, inda yaro zai iya samun kuɗin da babansa bai samu a wata ba, ko kuma rami ya rufta da shi. Kuma a bakin ramin ake sayar da ƙwayar, don ba mai shiga ƙarƙashin ƙasa da cikakken tsoronsa.

Ba mu kaɗai ba ne. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol suke sha. A shekarar ce gwamnati ta hana kodin na ruwa bayan rahoton BBC. An toshe wannan ƙofa, yara suka koma wata.

Maman Ikram:
Injiniya, a binciken nan da ka kawo, duk mutum huɗu masu sha ɗaya mace ce. Tun ɗazu maganar samari ake yi kamar su kaɗai ke balaga. Ita yarinya ba ta zuwa kango, a ɗaki take lalacewa ba wanda ya sani. 'Yar maƙwabciyata ta fara al'ada tana aji shida na firamare, ta ɓoye wata uku tana amfani da tsumma tana zaton wani ciwo ne ya kama ta. Wadda ta yi mata bayani ƙarshe wata ƙawarta ce da ta girme ta, kuma ita ce daga baya ta fara kai ta bikin da ake shan shisha. Ga talla, ga waya. Namiji ɗan shekara 40 yana tura wa 'yar 14 kati yana kiranta da tsakar dare, uwa na ganin ai tana ɗaki, lafiya lau. In abu ya faru kuma a rufe, a ce kar a ɓata sunan gida.

Ni dai na cire kunya na zaunar da tawa tun tana 10. Gumi na yi ta yi kamar mai tuƙa tuwon biki, amma na faɗa mata komai, har da cewa duk wanda ya taɓa ta ko ya turo mata abin banza ta gaya min, ba zan dake ta ba. Ta kuwa gaya min sau biyu.

Kawu Kafinta:
Ni ba na iya dogon rubutu. Yara bakwai ne a shagona a Nasarawa, uku daga ciki iyayensu sun kawo su ne don sun gagara. Ban taɓa dukan ko ɗaya ba. Ina ba yaro katako da awo in ce wannan kujerar taka ce, in ta karkace sunanka ne. Ranar da mai kaya ya zo ya yaba, sai in nuna yaron in ce shi ya yi. Ka ga fuskarsa ranar. Biyu sun shiryu, ɗaya ya sace min injin goge katako ya gudu, ba zan ɓoye ba. Sana'a ba laya ba ce. Amma yaron da ya gaji da aiki ga ɗari biyar ta halak a aljihu, da wuya ya kai sha biyun dare a waje.

Alhaji Mai Yadi:
Na karanta duka. Maganar Rigasa na tuna ta, kuma na janye batun mari, Allah ya sa mu dace. Amma ina nan a kan bakana cewa sakaci ya yi yawa. Ku masu cewa a zauna a yi hira da yaro, kar a wayi gari uba ya zama abokin wasan ɗansa. Dole ya san akwai wanda yake shakka. Kuma mai sayar musu da abin nan ba aljani ba ne, a unguwa yake, kowa ya san shagonsa, muna haɗa sahu da shi. NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na da ofishi a garin nan. Me ya hana masu unguwa da limamai su kai sunansa?

Ɗan Dilimi:
Tsoro ne Baba. Wanda ya kai suna, in aka saki mutumin bayan sati, gidansa za a fara zuwa. Sai dai a yi shi a taron jama'a, ba mutum ɗaya ba.

Ni kuma wanda ya cire ni ƙanen Mama ne. Bai yi min wa'azi ba. Ya zo ya ce in raka shi Bauchi ɗaurin aure, a mota muna tafiya ya ce, "Guda nawa kake sha yanzu?" kamar yana tambayar kuɗin mota. Ban san lokacin da na faɗa masa gaskiya ba. Shi ya kai ni asibiti, shi ya zauna da ni satin da nake rawar sanyi ina zagin kowa. Na koma sau ɗaya bayan wata huɗu, bai fasa ba.

Baban Walida:
Jama'a na gode, Allah ya saka. Tun da Hajiya ta yi maganar suna na kasa cin abinci. Na zauna na lissafa, rabon da in yi magana da yaron nan wadda ba aike ba, ba faɗa ba, na kasa tunawa.

Jiya ban tura shi makaranta ba, na tashe shi da asuba na ce ya bi ni kasuwa. Mun sauke kwandunan tumatir tare, na ba shi littafin bashi ya riƙe. Lissafinsa ya fi nawa sauri, ban sani ba sai jiya. Ba mu yi maganar ƙwaya ba, bakina ya ƙi buɗuwa. Da muka zauna cin masa wajen ƙarfe goma na ga hannunsa na ɗan rawa yana ta hamma, ga zufa a goshinsa duk sanyin nan.

Na kira wan uwarsa da ke Bukuru, sun saba tun yana ƙarami, ya ce zai zo ranar Juma'a ya tafi da shi kwana biyu. Ƙanena bai ji daɗi ba, ya ce ina lallashin ɓarna.

Anti Nas, wannan rawar hannun da zufar, shi ne abin da kika faɗa? Mu jira Juma'ar, ko in kai shi gobe?

Anti Nas:
Shi ne, kuma yana nuna jikinsa ya riga ya saba. Kada ku jira Juma'a. Ka kira kawun nasa ya zo gobe da safe ku tafi tare, shi ya shiga da shi wurin likita in yaron ya fi sakewa da shi. Ku tafi da fallen ƙwayar da aka samu. Yau da dare a ba shi ruwa sosai, kada a bar shi ya kwana shi kaɗai, in kuma ya fara jijjiga a kwantar da shi ta gefe, kar a cusa masa cokali a baki, a nemi mota nan take. Na turo maka saƙo ta gefe, ka duba.